Yadda hanjin mutum ke dafa masa giya ba tare da ya kai kwalba baki ba

A birnin Toronto na ƙasar Kanada an yi wata mata 'yar shekara 50 da aka kwasa zuwa emajensi har sau bakwai cikin shekara biyu, kuma duk zuwan labarin kusan ɗaya ne, harshenta ya karye tana magana kamar wadda ta yi tatul, barci na fizgarta tana tsaka da girki ko tana shirin fita aiki, bakinta na warin giya, in an ɗebi jini kuma a tarar da barasa a ciki ba 'yar kaɗan ba. Akwai ranar da aka auna aka samu 62 a ma'aunin da lafiyayyen mutum ba ya kaiwa 2, wato ta ninka iyakar da dokar can ta yarda a yi tuƙi da ita fiye da sau uku. Ita kuma tana ta faɗa musu ba ta sha komai ba, ta ma bar shan giya tuni saboda addini, mutanen gidanta na ba da shaida, amma ina, babu mai saurara. Likitocin ƙwaƙwalwa masu kula da mashaya aka dinga turo mata. Sai a zuwa na bakwai ne wani likita ya ce to ko dai cikinta ne ke haɗa abun da kansa? Kuma hakan ne. Dakta Rahel Zewude ta Jami'ar Toronto da abokan aikinta suka rubuta labarin a mujallar ƙungiyar likitocin Kanada a watan Yunin 2024.

Ciwo ne na gaske, ba tatsuniya ba, ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanjin mutum su mayar da abincin da ya ci barasa har ta kai ta bugar da shi. Ba shi da yawa ko kaɗan, waɗanda aka rubuta labarinsu dalla-dalla a mujallun likitanci ba su da yawa, amma fa ƙarancin nan da 'yar tambaya a kai, don ciwon da likita bai taɓa ji ba ba zai neme shi ba, mutum ya zo yana layi a rubuta masa mashayi a sallame shi.

Abun da zai fara ba ka mamaki shine kowa cikinsa na haɗa barasa. Ni da kai da limamin unguwa. Masana a cibiyar bincike ta Weizmann da ke Isra'ila sun yi lissafi a 2016 cewa jikin mutum mai nauyin kilo 70 na ɗauke da bakteriya wajen tiriliyan 38, nauyinsu gaba ɗaya kamar giram 200, kuma mafi yawansu a babban hanji suke. Waɗannan ba baƙi ba ne, 'yan gida ne, su ke narkar da ragowar abincin da ƙaramin hanji bai iya sha ba, suna samar da wasu bitamin, suna tare wa muggan ƙwayoyin cuta wurin zama. To a babban hanji babu iskar da muke shaƙa, don haka hanyar da suke samun ƙarfi daga abinci ita ce tsima shi, a cikin abubuwan da tsimin ke fitarwa akwai iskar da ke kumbura ciki, akwai sinadarai masu tsami, akwai kuma 'yar barasa.

Duk wanda ya taɓa barin kunun zaƙi ya kwana biyu a jarka lokacin zafi ya san aikin, jarkar ta kumbura, ka buɗe ta yi huci, ɗanɗanon ya juya. Gero da suga da ɗumi da ƙwayoyin da ido ba ya gani, shikenan. Cikin mutum kuwa ɗuminsa digiri 37 ne dare da rana, ga danshi, ga tuwo da shinkafa da burodi na sauka sau uku a yini.

To me ya hana mu duka yin tangaɗi? Hanta. Duk jinin da ya kwaso abu daga hanji ba ya wucewa cikin jiki kai tsaye, akwai babbar jijiya da ke kai shi hanta tukunna, can akwai sinadaran da ke farfasa barasa mataki biyu, na farko ya mayar da ita wani abu mai guba da ake kira asetaldihaid, na biyu ya mayar da wannan asetet wanda jiki ke ƙonawa abunsa. 'Yar barasar da hanjin lafiyayye ke yi hanta na gamawa da ita tas, abun da ke tsira zuwa jinin hannu bai kai a yi maganarsa ba. Ciwon na faruwa ne in ƙwayoyin da suka ƙware wajen haɗa barasa suka yi yawa suka danne sauran, suka samu abincin da suke so, har abun da suke zubowa ya fi ƙarfin hanta. Daga nan barasa ta shiga jini ta hau kai, kuma ƙwaƙwalwa ba ruwanta da ta ina ta shigo, maye maye ne.

Me ke ɓata zaman lafiyar hanjin? In ka bi labaran ɗaya bayan ɗaya abu guda ne ke ta maimaituwa, antibayotik. Matar Toronto ta yi shekaru tana fama da sanyin mafitsara mai dawowa ana ba ta antibayotik zubi bayan zubi, ga kuma maganin rage tsamin ciki irin wanda masu olsa ke sha. Akwai wani ɗan shekara 61 a jihar Teksas ta Amurka da Barbara Cordell da Dakta Justin McCarthy suka rubuta labarinsa a 2013, shi abun ya faro ne bayan an yi masa aiki a ƙafa a 2004 aka ba shi antibayotik, a 2009 ya shiga asibiti da barasa kashi 0.37 cikin ɗari a jini, kusan ninki biyar na iyakar tuƙi ta yawancin jihohin Amurka wadda take 0.08, yana cewa bai sha ba. Wani kuma ɗan shekara 46 da likitocin asibitin Richmond na Niyok suka ba da rahotonsa a 2019, rauni ya ji a babban yatsa a 2011 aka ɗora shi kan antibayotik na sati uku, daga nan hali ya canza, mantuwa, ɓacin rai, faɗa ba dalili, har 'yan sanda suka kama shi da laifin tuƙi cikin maye, wata rana ma ya faɗi jini ya taru masa a kai. Antibayotik ba ya tantance mugu da nagari, in ya shiga hanji shara yake yi, wanda ya tsira kuma shi ke gaje filin.

Nan ne nake ganin maganar ta shafe mu kai tsaye. Mu da mutum zai ji cikinsa ya ɗan murɗa ya leƙa kemis ya ce a ba shi filajin da ja-da-yalo na ɗari biyu, mura ma amfikulos, zazzaɓi kowane iri taifod ne a haɗo sifuro, a sha kwana biyu in an ji sauƙi a watsar. Ba cewa nake duk mai yin haka zai wayi gari yana layi ba, a'a, ciwon nan da wuya yake kama mutum. Amma ƙofar da aka fi ganin yana shigowa ta nan ce, mu kuma a buɗe muka bar ta.

Ban da antibayotik akwai wasu abubuwan da ke share masa hanya. Waɗanda aka yanke musu wani ɓangare na hanji ya gajarce, ko aka yi musu aikin rage tumbi don ƙiba, ko masu ciwon da ke sa hanji ya ƙuntata abinci ya daɗe a wuri ɗaya, sai masu ciwon suga, sai wanda hantarsa dama ta raunana. Har yara an samu, a Suwidin an ba da rahoton yarinya 'yar shekara 3 mai gajeren hanji da ke buguwa in ta sha abu mai zaƙi.

Shekara da shekaru yis ake ɗora wa laifin. Likitocin Japan ne suka fara tara labaran da yawa, musamman a shekarun 1970, kuma abun da suke samu a cikin majinyatan yis ne dangin Candida. Mutumin Teksas kuwa Saccharomyces cerevisiae aka samu a bayan gidansa, wato yis ɗin nan dai da ake kwaɓa fulawar burodi da fanke da shi, wanda kuma masu kamfanin giya ke amfani da shi. Don haka magani ya zama a bayyane, tunda yis dangin fangas ne, a ba da maganin kashe fangas irin su fulukonazol, a hana mutum suga da sitaci, kuma da yawa sun samu sauƙi a haka, matar Toronto ma da shi ta farfaɗo.

Sai dai akwai waɗanda ake ɗirka wa maganin fangas ba abun da ke canzawa. A 2019 Yuan Jing da tawagarta a Bejin suka fitar da bincike a mujallar Cell Metabolism kan wani saurayi ɗan shekara 27 da hantarsa ta kumbura da kitse sosai, wanda in ya ci abinci mai sitaci da suga barasar jininsa kan kai miligiram 400 a kowane desilita, adadin da kan iya kai wani lahira. Maganin fangas bai yi masa komai ba. Da suka tona bayan gidansa sai suka samu wani nau'in bakteriya ne, Klebsiella pneumoniae, wanda ke haɗa barasa ninki huɗu zuwa shida na irin wanda ake samu a cikin lafiyayyu. Ita wannan Klebsiella ba baƙuwa ba ce a asibiti, an san ta da ciwon huhu da na mafitsara, kuma tana zaune shiru a hanjin mutane da yawa, ba a dai san wasu 'ya'yanta sun iya wannan sana'ar haka ba.

Binciken da ya ƙara ƙarfafa maganar bakteriya ya fito a farkon 2026 a mujallar Nature Microbiology, haɗin gwiwar Bernd Schnabl na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego da Elizabeth Hohmann ta asibitin Mass General a Boston. Sun tara masu ciwon su 22, wanda a wannan fagen adadi ne babba, suka haɗa da mutum 21 da ke zaune gida ɗaya da su, da wasu lafiyayyu 22. Dabarar saka 'yan gida ɗaya ta burge ni, don tukunya ɗaya suke ci, in abinci ne kaɗai matsalar da an gani a jikinsu su ma. Da aka ɗauki bayan gidan majinyatan lokacin da ciwon ya motsa aka rene shi a lab, ya fitar da barasa fiye da na sauran nesa ba kusa ba, da aka zuba masa antibayotik kuma sai barasar ta ragu. Bakteriyar da suka yi yawa a ciki su ne E. coli da Klebsiella pneumoniae. Ka ga abun da ɗaure kai, antibayotik ne ke buɗe ƙofar ciwon a wasu, a wasu kuma antibayotik ɗin da aka zaɓa daidai shine maganin. Shi ya sa ba ciwon da za a yi wa shaci-faɗi ba ne, sai an gano wace ƙwaya ce ke aikin a cikin wannan mutumin.

Ni a wurina ɓangaren da ya fi girma ma ba masu layin ba ne, masu kitsen hanta ne. Akwai ciwon da kitse ke taruwa a hantar mutumin da ba ya shan giya, yana tafiya da ƙiba da ciwon suga, ya yaɗu a duniya sosai, kuma in aka duba hantar a madubin likita kamanninta ɗaya da ta mashayi, abun da ya daɗe yana ba likitoci mamaki. Mutanen Bejin ɗin nan da suka duba masu wannan ciwon sai suka samu Klebsiella mai haɗa barasa a kusan kashi 60 cikin ɗari nasu, a lafiyayyu kuwa kashi 6 kacal, suka ɗura wa ɓeraye ita, cikin wata guda hantar ɓerayen ta fara tara kitse. A 2022 kuma masu bincike a Amstadam ta Holan suka ɗebi jini daga jijiyar nan da ke tashi daga hanji zuwa hanta a jikin mutanen da ake yi wa aikin rage tumbi, suka tarar barasar da ke ciki ta ninka ta jinin hannu sau 187 a matsakaici. Da suka ba masu kitsen hanta maganin da ke dakatar da sinadarin farfasa barasa na ɗan lokaci, barasar jininsu ta tashi ninki 15, da aka share hanjin da antibayotik kuma tashin ya ɓace. Ma'ana akwai mutanen da hantarsu ke shan giya kullum a ɓoye tana shanyewa, su ba su bugu ba balle a sani, hantar ce dai ke biyan bashin. Ba shi kaɗai ke kawo kitsen hanta ba, amma yana cikin lissafi yanzu.

Sai maganar kotu, inda abun ya fi yin suna. A garin Hamburg kusa da Buffalo a jihar Niyok, alƙali ya kori ƙarar wata mata a Disambar 2015 bayan an kama ta tana tuƙi da barasa sama da ninki huɗu na iyaka. Lauyanta ya sa ma'aikatan jinya sun tsare ta awa 12 ba ta kurɓi komai ba ana aunawa, zuwa dare ta kai 0.36. A Afrilun 2024 wata kotu a birnin Bruges na Beljiyam ta wanke wani ɗan shekara 40 bayan likitoci uku kowa ya duba shi daban sun tabbatar, kuma don ƙaddara a kamfanin giya yake aiki, ka ji inda mai gaskiya ke shiga uku.

To amma kar wani ɗan giya ya karanta wannan ya ce ya samu mafaka. Masana binciken laifi sun daɗe suna ja da wannan uzurin, kuma suna da hujja, mashayi na ɓoye shansa fiye da yadda kake zato, kuma cewa ban sha ba ita ce kalmar farko a bakin kowa. Shi ya sa tabbatar da ciwon ba da baki ake yi ba. Ana kwantar da mutum a asibiti, a caje kayansa, a hana 'yan dubiya shigo masa da komai, a auna jini da numfashi a ga babu barasa, sannan a ba shi gulukos giram 100 zuwa 200 ko abinci mai sitaci, a dinga aunawa bayan rabin awa, awa ɗaya, biyu, huɗu, takwas, har awa 24 don wasu ƙwayoyin na da nawa. Haka aka yi wa mutumin Teksas, an tsare shi kwana guda yana cin sitaci, barasar jininsa ta hau 0.12 a gaban idon likitoci. Bayan nan a ɗauki bayan gida da ruwan hanji a rena a ga abun da zai tsiro.

Wani labarin da ke nuna amfanin bin diddigi shine na wata 'yar shekara 61 a Pitsbag ta Amurka, 2020, mai ciwon suga da hanta ta lalace tana jiran dashe. Duk gwajin fitsarinta sai a ga barasa, har wani asibitin ya hana ta dashen aka ce ta je ta daina sha tukunna. Likitocin Pitsbag suka lura da abu biyu, babu barasa a jininta, kuma babu ragowar sinadaran da jiki ke fitarwa a fitsari in barasa ta bi ta hanta. Ashe yis ne, Candida glabrata, ya tare a mafitsararta yana tsima sugan da ke zuba a fitsarin. Ita ko buguwa ba ta yi, amma saura ƙiris ta rasa hanta a kan zargi.

Ka ɗauko wannan ka ajiye a Kano ko Zariya ko Maraɗi. Magidanci ko matar aure a wayi gari suna tangaɗi baki na wari, kafin a kai ga likita aure ya girgiza, mutunci ya zube, in an kyautata zato a ce jifa ne ko iska a nufi wajen mai ruƙiyya. Kuma akwai ɓangaren shari'a, a mazhabar Malikiyya shaidar adilai biyu cewa sun shaƙi warin giya a bakin mutum na iya tabbatar da haddin bulala 80, saɓanin Shafi'iyya da Hanafiyya da ba sa tsayar da haddi a kan wari shi kaɗai. Sai dai littattafan namu sun rataya haddin ne a kan sha, Musulmi baligi mai hankali ya sha da zaɓinsa ba uzuri, ga kuma ƙa'idar tunkuɗe haddi da shubuha. Fatawa ta malamai ce, amma ya kamata alƙalai da 'yan Hisba su san akwai wannan ciwon, su kuma san akwai gwajin da ke raba mai gaskiya da mai fakewa.

Magani kuwa, kashe ƙwayar da aka gano shine mai sauƙin. Mai wuyar abinci ne. Ana so mutum ya yi makonni ba suga ba sitaci, nama da ƙwai da kifi da ganye kawai, sannan a dinga dawo da sauran a hankali. Ka faɗa wa Bahaushe ya bar tuwo da shinkafa da taliya da burodi da koko da fura da lemon kwalba, me ka bar masa, kuma da wane kuɗin zai rayu kan nama? Ga shi ciwon na dawowa da an yi sake, mutumin asibitin Richmond yana tsaka da shan magani ya faki ido ya ci fiza ya kora da lemo, abun ya dawo masa sabo fil.

Waɗanda komai ya ƙi yi musu ana gwada musu dashen bayan gida, e, yadda ka ji ɗin nan, a ɗauki na lafiyayyen mutum a tace a saka a hanjin majinyaci ta bututu ko a kafso don ƙwayoyin kirki su sake kafa gari. A asibitin Jami'ar Ghent ta Beljiyam an yi wa wani ɗan shekara 47 da ya taɓa yin aikin rage tumbi, wanda maganin fangas da canjin abinci suka kasa, 'yarsa mai shekara 22 ce ta bayar, aka bi shi wata 34 ciwon bai dawo ba. A binciken 2026 ɗin ma an yi wa mutum ɗaya, bayan dashe na biyu ya haura wata 16 lafiya lau. Mutum ɗaya ɗaya ne dai, ba a kai ga cewa shine maganin kowa ba, kuma ba abun da za a kwaikwaya a gida ba ne ko wajen mai maganin gargajiya. A 2019 a Boston wani dattijo ɗan shekara 73 mai raunin garkuwar jiki ya rasu bayan an ba shi irin wannan kafson a wani gwaji na daban, saboda bayan gidan wanda ya bayar na ɗauke da E. coli mai jure magani ba a tantance ba, daga nan hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta tsaurara gwajin da ake yi wa masu bayarwa.